Zagayen Gani da Ido da Lacca a Kan Tsofaffin Gine-ginen Birnin Kano

Gabatarwa

Ni mazaunin Kawaji ne, a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, kuma na shafe mafi yawan shekarun aikina ina koyar da tarihi a makarantun wannan yanki. Daga Kawaji zuwa Ƙofar Nassarawa ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma duk da haka na sha tarar da aji guda cur wanda babu yaro ko ɗaya a cikinsa da ya taɓa hawa Dala ko ya taɓa shiga Gidan Makama. Mu mutanen waje, wato mazauna unguwannin da ke bayan badala, 'ya'yanmu sun tashi ne a cikin gidajen bulo da kwano, don haka idan aka ambaci soro ko azara ko zanko, sai su ji kamar ana ba su labarin wata ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan al'amari da muhimmanci shi ne wata tambaya da wata ɗaliba ta yi mini a gindin ɗaya daga cikin ƙofofin gari da aka sake ginawa. Ina cikin bayanin cewa ƙofar ta haura shekara ɗari biyar, sai ta shafa bangon ta ce, “Malam, ashe a zamanin Sarki Rumfa ma akwai siminti?” 'Yan'uwanta suka yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin ita ce kaɗai ta dubi ginin da kyau. Sunan ƙofar da gurbinta su ne tsofaffi, ginin da hannunta ya taɓa kuwa na jiya-jiya ne, kuma ni ban faɗa musu haka ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa malaman makaranta da dattawa masu sha'awar tarihi yadda ake shirya zagaye da lacca a kan tsofaffin gine-ginen Kano, ta yadda yaro zai dawo gida ya iya duban gini ya faɗi da me aka yi shi, yaya aka yi shi, kuma don me.

Bambancin Zagaye da Yawon Buɗe Ido

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Sai dai kuma gani ba tare da bayani ba bai cika korar jahilci ba. A fitata ta farko na kwashi yara masu yawan gaske da tsakar rana, na tsaya a gabansu ina jero sunayen sarakuna da shekaru. Da muka koma aji na ce kowa ya rubuta abin da ya gani, sai mafi yawansu suka ba da labarin motar da ta kai mu da ƙishirwar da suka sha. Wannan yawon buɗe ido ne, kuma laifin nawa ne.

Zagaye na ilimi yana da sassa uku, wato laccar share fage a cikin aji kafin a fita, sai bayani a gindin kowane gini, sannan tattaunawa bayan an dawo. Haka kuma yana bukatar hanya mai tsari. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ga mutanen Kawaji ita ce a fara daga na kusa a tafi na nesa. Idan aka bi titin Haɗeja aka shigo Nassarawa, aka shiga gari ta Ƙofar Nassarawa, aka ƙare a kan Dala, to kusan duk zangon da aka ci ana ƙara komawa baya ne cikin tarihi: daga ƙarni na 20 zuwa ƙarni na 15, daga nan zuwa mafarin birnin.

Laccar Share Fage: Kayan Gini da Hikimarsa

Kafin a kai yaro gaban soro, wajibi ne ya san kalmomin magina, domin abin da mutum bai san sunansa ba idonsa tsallake shi yake yi. Nakan shigo aji da tubali guda, da guntun azara, da ɓawon ɗorawa, in ɗora su a kan tebur kowa ya taɓa.

Tubalin gargajiya da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke, a shanya shi a rana ya bushe. Ana haƙo ƙasar gini, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattaka ta, a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a yi aiki da ita. Wajen gini ana jera tubalan ne a tsaye, kai na kallon sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai daga ƙasa, ya riƙa sirancewa yayin da yake tashi. Wannan kauri shi ne ke hana zafin rana ratsowa cikin ɗaki da wuri, shi ya sa soro ke da sanyi da rana, da dare kuma lokacin hunturu ya riƙe ɗumi. Ramukan da aka haƙi ƙasar kuwa su ne suka zama kududdufan cikin gari, waɗanda a da suke karɓar ruwan sama. Wannan ya kamata yara su sani idan ana maganar ambaliya a unguwannin da aka cike kududdufansu aka yi gini.

Azara daga itacen giginya ake faskara ta, kuma an zaɓe ta ne saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Amma tana da iyaka: idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin ƙafa 6, azara ba za ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi ita kaɗai ba. Kusan duk hikimar maginan Hausa a kan rufi ta taso ne daga neman hanyar wuce wannan iyaka. Da farko akwai tauyi, wato a fito da gajerun azaru daga saman bango domin a rage tazara. Sai ginshiƙi a tsakiyar ɗaki. Mafi ƙwarewa shi ne bakan gizo, inda ake dasa azaru a cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan ƙara leƙowa fiye da ta ƙasanta, a ɗaure su da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki kamar sandunan bakin gugar rijiya, shi ake kira ɗaurin guga, kuma a mahaɗarsu akan manna faranti ko tasa don ado.

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Saboda haka ake sa indararo ya harba ruwan rufi nesa da bango, ake kuma shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi da saman bango kuwa akan shafe su da laso, wanda ake haɗawa daga katsin marina da gashin jima da dafara. A nan nakan tsaya in nuna wa yara cewa magini ba ya aiki shi kaɗai, yana bukatar marini da majemi da mai faskaren giginya. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i ta mutu, ginin ma ya kama hanya. Daga ƙarshe sai zanko, wato ƙahon nan da ke tsaye a kusurwar soro, da zanen da ake yi wa fuskar zaure, wanda dagi ya fi kowanne shahara a cikinsa.

Zango na Farko: Gidan Ɗan Hausa

Gidan Ɗan Hausa yana unguwar Nassarawa, ba nisa da Gidan Gwamnati, kuma shi ne mafi kusa da mu. Sunan ya samo asali ne daga laƙabin da aka yi wa Hanns Vischer, Bature haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya yi aiki da gwamnatin Ingila ya kuma rasu a 1945. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a nan Nassarawa, inda aka koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna da kuma masu koyon sana'a. Shi ne kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na boko a 1912. Saboda haka duk malamin makaranta da ya shiga gidan nan ya shiga mafarin aikinsa ne.

Ta fuskar gini, darasin da ke gidan shi ne cewa Baturen da yake da ikon neman wani irin gida ya zauna a ginin ƙasa wanda maginan Kano suka yi masa. A nan ne yara za su fara ganin abin da aka faɗa musu a aji. Nakan sa su auna kaurin bango da kamu a bakin taga, su ɗaga kai su ƙirga bakunan rufi, su bi jeren azaru da ido, sannan su fita rana su dawo ciki su faɗi bambancin da jikinsu ya ji. Haka kuma nakan tambaye su abin da ya bambanta gidan da gidan malam Bahaushe na cikin gari. Mai lura zai ga tagogi masu faɗi da tsarin ɗakuna irin na zaman Bature, an haɗa su da tubali da azara da zanko. A yau gidan wurin adana kayan tarihi ne, kuma ma'aikatansa suna yi wa baƙi bayani, don haka ya kamata malami ya sanar da su zuwansa tun da wuri.

Zango na Biyu: Ganuwa da Ƙofofi

Daga Nassarawa sai a nufi Ƙofar Nassarawa. A nan ya kamata a fara da gyara kalma. Ganuwa ita ce katangar da ta kewaye gari, badala kuwa a asali ita ce dakalin da ke jikinta daga ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su yi harbi, ko da yake Kanawa sun saba kiran katangar duka da badala. Daga waje akwai gwalalo, wato ramin da aka haƙi ƙasar ginin, wanda shi ma ya zama kariya. Ganuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da fadamu, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe a sami abin ci, mutanen ƙauye kuma su sami mafaka da dabbobinsu.

Baƙi biyu sun bar mana awon ganuwar a rubuce. Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15. Lugard kuwa, a rahotonsa na bayan cin Kano a 1903, ya ce kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kimanin ƙafa 40, da ƙofofi 13, ya kuma nuna cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Nakan karanta wa manyan ɗalibai alƙaluman biyu in tambaye su dalilin saɓaninsu, domin su gane cewa abin da aka rubuta ma sai an auna shi.

Ƙofofin da ake lissafawa a yau su ne Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Famfo, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan'agundi da Sabuwar Ƙofa. Biyu daga cikinsu, wato Famfo da Sabuwar Ƙofa, a zamanin Turawa aka fasa su, kuma sunayensu ma sun nuna haka. Kowace tsohuwar ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda a da yake rufe ta da dare ya buɗe da safe. Ta ɓangaren Ƙofar Kabuga ne sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato.

A wannan zango ne jagora zai faɗi gaskiyar da ni na kasa faɗa wa ɗalibata. Yawancin ƙofofin da mota ke wucewa ta cikinsu a yau sabon gini ne na siminti. Alal misali, Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Tsohuwar ƙofa matsattsiya ce mai zurfi kamar zaure, daidai wucewar raƙumi da kayansa. Wanda ke son nuna wa yara ainihin ƙasar ganuwa sai ya nemi ɗan abin da ya rage, musamman a gefen titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma ya je ya duba da kansa kafin ranar fita, domin abin da ya gani bara ba lallai ne ya tarar da shi bana ba.

Zango na Uku: Gidan Makama da Gidan Rumfa

Idan aka shiga ta Ƙofar Nassarawa aka miƙe, za a iso Gidan Makama da Gidan Rumfa, wato gidan Sarki, suna kusa da juna. Dukkansu ana danganta su da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Abin da aka gada a baki shi ne a Gidan Makama ya zauna kafin ya gina sabon gidan sarauta. A zamaninsa ne Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Maghili ya zo Kano, wajen 1492, ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki.

An ayyana Gidan Makama a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1959, kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke riƙe da sashen da ya zama gidan tarihi. Abu biyu nake so kowane yaro ya gani a nan. Na farko, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka adana, domin su ne za su nuna masa ainihin faɗin tsohuwar ƙofa da yadda maƙera suka ƙarfafa ta da ƙarfe. Na biyu, rufin sorayen, inda zai kwatanta ɗaurin gugan da ya gani a Nassarawa da na nan. Har ila yau, a nan ne ya fi dacewa a yi bayanin tsarin gidan Bahaushe: zaure inda baƙo ke tsayawa, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida, kuma ba a jera ƙofofin a saiti ɗaya, domin kada idon na waje ya kai ga iyali. Wannan tsari ya taso ne daga addini da kunya, kuma shi ne gidan Sarki ya bi, sai dai a faɗaɗe.

Gidan Rumfa yana da faɗin kimanin eka 33, kuma gida ne da ake zaune a cikinsa, don haka ba a shiga sai da izini, akwai kuma sassan da baƙo ba ya kaiwa. Ko daga waje akwai abin koyarwa. Ƙofar Kudu, wadda ita ce fuskar gidan a yau, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi aka yi ta, cikin ƙarni na 19. Soron Ingila kuwa na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, kuma shi ne ya gina Babban Masallacin Juma'a na yanzu a madadin tsohon na ƙasa. Abin lura shi ne gidan bai tsaya yadda Rumfa ya bar shi ba, sarakuna sun yi ta ƙari da gyara. Tsohon gini a ƙasar Hausa yana rayuwa ne ta hanyar sabuntawa.

Zango na Huɗu: Marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi

Wani zai ce me ya haɗa marina da gini? Amsar tana cikin laccar share fage. A marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa an kafa ta a 1498, yara za su ga rijiyoyin rini da katsin da ake kwashewa daga gindinsu, wato abin da ake yin laso da shi. Idan aka yi sa'a wani dattijon marini ya yi musu bayani da bakinsa, ya fi duk abin da malami zai faɗa.

Kasuwar Kurmi ita ma Rumfa ne ya kafa ta, a gefen Jakara. Rumfunanta na yanzu ba na zamaninsa ba ne, amma lungunanta da rabon layukanta bisa sana'a suna nuna tsohon tsari. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci. Dukiyar wannan fatauci na tufafi da fata da goro ita ce ta gina manyan sorayen attajirai a unguwannin da ke kewaye da kasuwar. Saboda cunkoso, ba na shiga Kurmi da ƙananan yara, sai 'yan manyan azuzuwa, su ma kashi-kashi.

Zango na Ƙarshe: Dala

A kan Dala ake rufe zagaye, domin daga nan ne ake ganin duk abin da aka biyo. Littattafai kan ce tsayin Dala mita 534 ne, to a faɗa wa yara cewa daga saman teku aka auna, tsayinsa daga unguwar da ke gindinsa bai kai haka ba ko kusa. Masu binciken tono sun sami alamun narkar da tama a nan waɗanda suka kai ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999.

Daga kan dutsen nakan nuna matakai uku na ginin ganuwa. Mataki na farko shi ne na Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, wanda ya fara kewaye yankin Dala, littafin ya ce da ƙofofi takwas, aka kuma kammala aikin a zamanin ɗansa. Mataki na biyu shi ne na Rumfa, wanda ya faɗaɗa ta domin ta haɗa sabon gidan sarauta, har da Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa. Mataki na uku ya zo a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, lokacin da Wambai Giwa ya ƙara ta ta ɓangaren Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga. Daga nan sai in sa yara su nemo Goron Dutse, da ƙubbar masallaci, sannan su juya gabas su nemo wajen Kawaji. A lokacin ne suke gane cewa birnin da ganuwa ta kewaye ɗan yanki ne na Kanon yau, kuma daga wannan ɗan yanki ne sauran suka tsiro.

Ladubban Jagora

Abu na farko da nake roƙon duk mai yi wa yara jagora shi ne ya rarrabe magana kashi uku: abin da ido ke gani, abin da aka rubuta, da abin da aka gada a baki. Kusan kowace ƙofa tana da labarin asalin sunanta, wani lokaci fiye da ɗaya. Waɗannan labarai dukiya ce, a ba da su, amma a fara da “an ce”.

Na biyu, a tafi da magini. Wani tsohon magini da ya taɓa raka mu ya dubi wani soro ya nuna wa yara inda indararo ya karye, da yadda ruwa ya bi bango ya ci gindinsa, ya ce idan aka bar shi damina biyu sai dai labari. Ni na wuce wurin sau da yawa ban gani ba. Dattawan unguwa da masu unguwanni da sarakunan ƙofa su ma a nemi izininsu, a gaishe su yadda ya kamata, a ba su dama su yi magana.

Na uku, a kiyaye lokaci da adadi. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi dacewa, a fita da sassafe, kuma kada malami ɗaya ya riƙe yara fiye da ashirin. Zango biyar ɗin nan sun yi wa yaro yawa a rana ɗaya, gara a raba su fita biyu ko uku. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir ya zana abu guda a kowane zango. Ga makarantun da ke son shirya lacca ta jama'a a gayyato iyaye, akwai ranar 18 ga Afrilu, ranar wuraren tarihi ta duniya, da 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya.

Abin da Ke Gabanmu

A da, gyaran ganuwa aikin gayya ne da ake yi bayan damina, kowane yanki da rabonsa. Bayan 1903 ganuwa ta daina zama kariyar yaƙi, gyaran ya tsaya, ruwa ya yi nasa aikin, masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka ƙarasa. A 2007 Nijeriya ta shigar da ganuwar Kano tare da Dala da Kurmi da gidan Sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A 2024 hukumar ta amince da hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, amma hawa yana bukatar ƙofofi da fadar da yake ratsawa. Maƙwabtanmu na Agadas sun sami wannan matsayi ga tsohon birninsu a 2013, da hasumiyarsu ta ƙasa mai tsayin mita 27, kuma mutanen Jenne a ƙasar Mali duk shekara suke fitowa su yaɓe masallacinsu. Abin da ya tsare waɗannan gine-gine shi ne mutanen da suka san darajarsu suka kuma iya gyaransu.

Kammalawa

A wannan maƙala an yi bayanin yadda za a shirya zagaye daga Kawaji zuwa Dala, da laccar da ta kamata ta gabace shi, da abin da za a nuna a kowane zango. Yaran da muke koyarwa a yau su ne gobe za su zama injiniyoyi da ma'aikatan filaye da kansiloli, kuma a teburinsu ne takardar rushe wani soro ko raba wani yanki na badala za ta sauka. Ina roƙon 'yan'uwana malamai kowa ya fitar da ajinsa ko sau ɗaya a shekara, iyayenmu dattawa kuma su ba mu abin da suka sani tun suna tare da mu. Allah Ya sa mu dace, amin.